Takardar Juma'a

A ƙauyukan Arewa, takardar da ta fito daga lakwal ba abin murna ba ce. Tun zamanin da ake kama yara da ƙarfin dogarai a kai su makarantar boko, mutane suka saba da cewa in yaro ya shigo gida da farar takarda a hannu, to, ɗayan biyu ne: ko dai ya yi laifi ana kiran ubansa, ko kuwa ana neman kuɗi. Da Faransanci takardar take zuwa, da hatimi a ƙasanta, uban kuma ba ya jin Faransanci. Sai ya juya ta gaba da baya, ya ninke, ya sa a aljihun riga ko ya soke ta a jikin jinka, ya jira ranar da zai gamu da wani ɗan boko. Kafin ranar ta zo, sau da yawa abin da takardar ke gargaɗi a kansa ya riga ya auku.

Bilitan ɗin ƙarshen zango ma haka yake. Lambobi ne jere, 7 bisa 20, 11 bisa 20, da ƴar jimla guda da malami ya rubuta cikin gaggawa. Duk wanda ya koyar a kolejin karkara ya san siziyam, wato shekarar farko ta kolej, ita ce ajin da ya fi cin yara. Yaro ya baro ƙauyensu inda malami ɗaya ya san shi ya san gidansu, ya faɗa hannun malamai bakwai ko takwas waɗanda ba su riƙe ko sunansa ba. A watan Oktoba a yi masa rakiya da addu'a, a ƙarshen shekara ya dawo da akwatinsa an kore shi, iyaye kuwa ba su ji komai ba tsakanin wannan rana da waccan.

Lugu ba sai an gabatar da ita ga mai karatu ba. Garin Sarauniya ne, cikin ƙaramar hukumar Ɗan Kasari, gundumar Dogon Dutsi, jihar Doso. Sunanta ya fi girmanta nisa ba kusa ba: ana jin sa a Yamai da Wagadugu da Faransa, alhali garin kansa ƙauye ne na manoman gero da wake, wanda samarinsa ke watsewa ci-rani da zarar an ɗaure amfanin gona. Yaron da ya gama firamare a irin wannan wuri, in Allah ya sa ya samu shiga kolej, yawanci sai ya bar ɗakin uwarsa ya koma hannun mai masauki a garin da kolejin yake, ya riƙa leƙowa gida ƙarshen mako ko ranar kasuwa. Tsakanin uwa da ɗanta sai a samu rairayi da ƙaya da tafiyar sa'o'i. Tsakaninta da malamin ɗanta kuwa, abin ya fi haka nisa.

A wani kolej da yaran Lugu da na ƙauyukan kewaye ke zuwa, akwai malamin Ingilishi da ya ɗora wa kansa wani aiki wanda babu shi cikin tsarin karatu, babu kuma sufetan da ya taɓa tambayarsa. Kowace Juma'a, in ya rage minti goma a tashi, sai ya goge tablo tas, ya rubuta saƙo zuwa ga iyaye da Hausa. Yara su yago takarda ɗaya daga tsakiyar kaye su kwafa. Shi kuma ya bi layi-layi, ya duba, ya yi ƴar alama da jan biro a ƙasan kowace takarda, ya sa hannu. Babu injin buga takarda, babu hatimi. Mutumin ɗan kwantiragi ne, irin malaman da aka fara ɗauka a Nijar tun ƙarshen shekarun 1990, waɗanda a yau su ke riƙe da yawancin azuzuwan karkara. Ba ɗan Arewa ba ne. Aiki ya kawo shi. Ga irin abin da yakan rubuta, daga wani mako na farkon shekara:

"Gaisuwa ga iyaye. Makon nan ƴan siziyam sun koyi gaisuwa da ƙirga daga 1 zuwa 20 da Ingilishi. Da maraice ku sa su ƙirga muku awaki ko kaji. Ko ba ku jin harshen, za ku gane in yaro yana inda-inda. Ranar Talata akwai jarrabawa, a bar su su kwanta da wuri. Yara 9 har yanzu ba su da kaye. Rumfar aji na biyu ba ta rufu ba, wanda ya gama girbi ya taimaka da damin kara ɗaya. Allah ya bar zumunci."

Wanda ya saba da salon takardun ofis zai ce wannan ai ba rubutu ba ne, hira ce. Amma a lura da aikin gida da ya bayar. Ya zaɓi abin da uwar da ba ta taɓa riƙe biro ba za ta iya dubawa da kanta. Ta san yawan awakinta, ta kuma san muryar ɗanta in yana da tabbaci da muryarsa in yana kame-kame. Wani mako yakan ce yaro ya faɗi sunayen kayan ɗaki, wani mako ya ce ya gaida kakansa da Ingilishi sannan ya fassara. Ta haka darasin yake fita daga kaye ya shiga tsakar gida, inda ƙannai ke dariya suna maimaitawa. Maganar kara kuwa, wanda bai zauna a karkara ba shi ne zai ɗauke ta ƙarama. Inda aji rumfa ne, karatu ba ya kankama sai an gama girbi an samu abin rufi, ko da kuwa an buɗe makarantu a takarda tun farkon Oktoba.

Abin mamaki na farko da ya tarar shi ne yaran ba su iya rubuta harshen da suka sha a nono ba. Shekara shida sun yi a firamare da Faransanci zalla, saboda haka hannunsu ya ginu a kan ƙa'idarsa: inda ya rubuta u sai su sa ou, inda ya rubuta sh sai su sa ch, kamar dai yadda taswira ta mai da Lugu ta zama Lougou, Dogon Dutsi ya zama Dogondoutchi. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, wasunsu ba su taɓa ganin su ba. Ga shi kuwa tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, dokar tsarin ilimi ta 1998 ta ba harsunan gida gurbi a makaranta, aka kuma tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a hukumance cikin 1999. Duk wannan bai iso hannun waɗannan yara ba. Malamin Ingilishi ne, cikin minti goma na ranar Juma'a, ya zama mutum na farko da ya nuna musu yadda ake rubuta ƙasa da ɗiya da ƴanci.

Daga nan kuma riba ta ɓullo ta inda bai zata ba. Rubutun Hausa na boko a Arewacin Nijeriya ya kafu, ƙarƙashin mulkin Ingila, can ne aka shigo da haruffa masu lanƙwasa cikin shekarun 1930, kafin taron Bamako na 1966 ya yi ƙoƙarin daidaita rubutun harsunan yankin. Saboda wannan asali, haruffa da dama suna da lafazi ɗaya a Hausa da Ingilishi, ba kamar a Faransanci ba. Ɗauki harafin h. Malamin firamare ya shafe shekaru yana koya wa yaro cewa h ba a furta shi. Yaron ya zo kolej ya ga house, sai ya haɗiye farkon kalmar, alhali shi ne ke cewa hula da hannu da hatsi tun safe har dare, a Arewa ma har fura hura ce, tafiya kuma tahiya. Haka j na jaki da sh na shanu da w na wake: duk suna bakinsa, Faransanci ne ya rufe masa hanyar gane su a rubuce. Malamin yakan ce da su: "In kun ga kalmar Ingilishi, ku fara karanta ta da idon Hausa, in ta ƙi sannan ku tambaye ni." Ba ko'ina shawarar ke aiki ba, domin wasulan Ingilishi ba su da amana ga kowa. Amma ta raba yara da yawa da tsoron buɗa baki. Abin takaici ne a ce malaman Hausa da na Ingilishi da na Faransanci suna zaune ɗaki ɗaya suna shan shayi, ba su taɓa zama sun jera haruffan harsunan nan uku gefe da gefe saboda yaran da suke raba wa junansu ba.

Tambayar da iyaye suka fi yi masa, musamman a shekarar farko, ita ce amfanin abin da yake koyarwa. Wani dattijo ya tare shi a kasuwa da takardar a hannu, bayan doguwar gaisuwa ya ce: "Mushe, Faransanci dai mun san na gwamnati ne. To wanga na biyu fa, na wa ne?" Malamin ya rusuna ya ce: "Baba, na ƙanenka ne da ke Legas." Dattijon ya yi dariya, domin kuwa yana da ƙane a can.

Amsar tana da tushe fiye da yadda ta yi kama. Yarjejeniyar da Faransa da Ingila suka ƙulla ranar 14 ga Yuni 1898 ta bi Dallol Mawri, sannan ta zana da'ira mai nisan mil 100, kimanin kilomita 160, daga tsakiyar birnin Sakkwato, ta bar abin da ke cikinta ga Ingila. Lugu da Birnin Ƙonni duk a cikin wannan da'ira suke. Faransawa suka yi ta kukan cewa layin ya hana su hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram, sai aka gyara shi a yarjejeniyar 1904, aka tabbatar a ta 1906. Wato da Turawan nan biyu ba su sake zama a kan taswira ba, da yaran Lugu da Ingilishi za su fara karatu, Faransanci kuwa shi ne zai zama baƙon da ake tambayar amfaninsa, kamar yadda abin yake ga ƴan'uwansu Arawa na Kangiwa a jihar Kebbi. Malamin ya taɓa sa wannan labari cikin takardar Juma'a a jimla huɗu, ya kuma ce yara su tambayi iyayensu dangi nawa suke da su a ƙetaren iyaka. Ba a samu yaro ɗaya da ya dawo da hannu wofi ba.

Wani makon kuma ya sa su tattaro kalmomin da suka shigo Hausa ta bakin masu ci-rani da direbobi: bokiti, tebur, tela, tocila, taya, burki, giya, faci, makaniki. Ya jera su a tablo, ya rubuta asalin kowace a gabanta, yaran suka ga ashe sun daɗe suna jin Ingilishi ba su sani ba. A ɗaya gefen ya jera lakwal da mushe da kaye da tablo, waɗanda suka zo ta hanyar Yamai. Wata yarinya ta lura cewa kalmomin mota da kasuwa daga kudu suka zo, na makaranta da ofis kuwa daga yamma. Babu littafin da ya gaya mata haka.

Koyar da Ingilishi a Nijar yana da nasa tarihi. Ƴan sa-kai na Amurka, Peace Corps, sun fara zuwa cikin 1962, na farkonsu malaman Ingilishi ne, ba su bar ƙasar ba sai a Janairun 2011 saboda matsalar tsaro. Manyan yau da yawa da littafin English for the Sahel suka koyi harshen. A watan Maris na 2025 kuma, kundin da ake kira Charte de la Refondation ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ranar da labarin ya bazu, abokan aikin malamin suka yi ta zolayarsa, wai takardarsa ta riga gwamnati. Shi dai murmushi ya yi. Ya san doka ba ta shiga aji da ƙafarta, sai an ɗauko ta da littattafai da horon malamai, su kuwa waɗannan ba a rana ɗaya suke zuwa ba.

Akwai rauni babba a cikin dabarar, wanda duk malami zai hango tun daga nesa: mai ɗaukar saƙon shi ne wanda ake ba da labarinsa, shi ne kuma mai karantawa. Hausawa sun ce ba a ba kura ajiyar nama. Yaron da ya yi fashin kwana uku ba zai tsaya gaban ubansa ya karanta laifinsa da bakinsa ba. Zai tsallake layin, ko takardar ta faɗa rijiya a hanya. Malamin bai yarda ya riƙa rubuta sunayen masu laifi cikin saƙon da kowa zai kwafa ba, domin a ƙauye kunyar da aka ba yaro ta gidansu ce gaba ɗaya, uban da aka kunyata kuwa cire ɗansa zai yi, ba gyara shi ba. Abin da ya yi shi ne alamar jan biron nan. A ƙasan kowace takarda yakan ja sanda ɗaya saboda kowace ranar da yaro ya zo makaranta, bayan ya duba rajistar kira. Mako cikakke sanda biyar ne. Ya yi wa iyaye bayanin haka baki da baki a taron farkon shekara, gaban kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar uwaye, ya ƙara da cewa rashin takarda shi ma saƙo ne.

Wata Juma'a da rana tsaka, cikin sanyin hunturu, wata mata daga Lugu ta yi sallama a bakin aji, ƙafafunta fari fat da ƙura. Ta kwance bakin zane ta fito da takardu uku. Ta ce: "Mushe, ni ban yi lakwal ba, amma na iya ƙirga. Sanda biyar ka ce. Mako uku ke nan ɗiyata tana kawo min biyu, in na tambaye ta sai kuka." Ya ba ta kujera ya ce: "Inna, zauna ki sha ruwa tukuna." Da aka bi sawu, sai aka tarar yarinyar ba wasa take yi ba. Matar mai masaukinta ce ta haihu, sai ɗiban ruwa da daka da tallan safe suka koma kanta. In ta gama, kunya ta hana ta shiga aji a makare. Ba ta faɗa a gida ba, domin ubanta ya ja mata kunne cewa mutanen nan alheri suke yi musu.

A nan abin yake da wuya, domin mai masaukin ba azzalumi ba ne. Yana ciyar da ɗiyar wani daga rumbunsa, abin da ake kawo masa daga ƙauye bai wuce ƴan tiyoyin gero ba, a al'ada kuma yarinyar da ke gida ba ta zama tana kallo ana aiki. Malamin bai je ya yi masa wa'azi ba. Ya bar maganar a hannun uwar da shugabar ƙungiyar uwaye, su suka san ta bakin da ake shiga irin wannan gida. Bayan mako biyu aka mai da yarinyar wurin wata gwaggonta, da hujjar cewa tsohuwar tana bukatar mai taya ta kwana, ba wanda ya ji kunya. Sandunanta suka koma biyar.

A shekarar nan dai, wata ɗaliba ta ajin katiriyam, wadda ta fi kowa iya Ingilishi a ajinsu, ta tafi hutun Disamba ba ta dawo ba. Takardunta ba su taɓa rasa sanda ko ɗaya ba, ubanta kuma yana cikin masu yaba wa malamin. An ɗaura mata aure. Akwai dokar da aka sa wa hannu a Disamban 2017 domin kare karatun ɗiya mace, an karanta wa uban ita, ya saurara da ladabi, ya ce ya riga ya ba da baki. Juma'ar da ta biyo baya malamin ya daɗe tsaye gaban tablo da alli a hannu. Daga ƙarshe abin da ya rubuta shi ne darasin mako da ranar jarrabawa, sai jimla guda: "Kujera ɗaya ta zama wofi a katiriyam."

Da wayoyin zamani suka yawaita, sai ya ƙara da saƙon murya ta WhatsApp: yakan karanta takardar da bakinsa ya aika wa wani rukuni na iyaye. Wannan ya toshe ƙofar tsallake layi, ya kuma kai saƙon inda takarda ba ta zuwa, wato wurin iyaye maza da ke Sakkwato da Kano da Legas. Uban da bai ga ɗansa ba wata biyar yakan kira daga bakin titi ya ce a ba yaron waya ya ƙirga masa. Wani ma yakan amsa da Turancin buroka da ya tsinta a tasha, yaron ya zo aji da shi yana alfahari, ƴan'uwansa su yi masa dariya. Malamin ba ya barin a yi dariyar. Yakan rubuta jimlar uban a hagu, ta littafi a dama, ya ce ta hagun ita ta ciyar da gidanku bana, ta daman ita za a tambaye ku ranar birebe, ku riƙe duka biyun. Sai dai bai daina takardar ba. Wayar a aljihun namiji take, takan bi shi ci-rani. Uwa, wadda ita ce ke gida, takardar ce rabonta.

Ba duk abokan aikinsa ne suka ga kyan abin ba. Wani ya ce ana biyan su ne su koyar, ba su zama masu shela ba, in iyaye suka saba da haka gobe za su nemi kowa ya yi. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya: mutumin da ke da azuzuwa biyar, kowane da yara sama da 60, wanda kuɗin watansa kan makara, ba a yi masa adalci ba in aka mai da kyautatawar wani ta zama wajibi a kansa. Shi ma darakta da farko ya ji tsoron takarda mai fita daga makarantarsa ba hatimi, kuma da Hausa. Abin da ya fi tayar da ƙura shi ne makon yajin aiki. Malamin yana cikin masu yajin, bai shiga aji ba, amma ya aika saƙon murya ya ce: "Makon nan babu karatu, malamai muna yajin aiki saboda haƙƙinmu. Yaranku ba ƙarya suke yi ba in sun ce an sallame su. Su maimaita shafi na 20 zuwa 24." Wasu suka ce ya tona asirin sana'a. Amma iyaye dama suna ganin yara suna yawo. Bambancin kawai shi ne wannan karon an gaya musu dalili, kamar manya.

Daga watan Mayu kuma takardar takan koma roƙo. In ruwan farko ya sauka, kowane hannu ana bukatarsa a gona, jarrabawar BEPC kuwa, wadda kowa ke kira birebe, a daidai wannan lokaci take tunkarowa. Ba ya cewa a bar shuka, domin ya san wanda bai shuka ba ba zai ci ba. Yakan ce a bar masa ƴan turwaziyam da safe, su je gona da yamma da Asabar da Lahadi. Wasu sukan yarda.

Darasin da aka fi tunawa da shi a Lugu shi ne na lokacin da ya wuce. Da aka zo koyon yadda Ingilishi ke faɗin abin da ya riga ya faru, sai ya rubuta a takardar Juma'a cewa kowane yaro ya zauna da wani tsoho na gidansu, ya tambayi abin da ya auku a garinsu zamanin kakanni, ya rubuto jimla biyar. Ƴan wasu ƙauyuka suka kawo labarin yunwa da fari da haƙar rijiya. Ƴan Lugu kuwa, kamar sun haɗa baki, suka kawo yaƙin Afrilun 1899, lokacin da rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta biyo hanya tana ƙone garuruwa, ta iso garinsu ta tarar da Sarauniya Mangu da maharbanta ba su miƙa wuya ba. Duniya ta san labarin ta littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu cikin 1987. Yaran ba su karanta littafin ba, ba su ga fim ɗin ba. Abin da suka kawo na tsakar gida ne, gajere, ba ado: an yi faɗa, mutane sun shige kurmi, baƙin sun wuce, an dawo an sake gini. Yara biyu ba su kawo komai ba, iyayensu sun ce waɗannan al'amuran azna ne da aka bari. Malamin bai matsa ba, ya ce su rubuto labarin ginin masallacin unguwarsu, lokacin da ya wuce ai duk ɗaya ne a nahawu.

Gardamar ta taso ne a kan kalma guda. Yaran sun duba ƙamus sun sa queen. Da wani yaro ya koma gida ya karanta wa kakarsa, ta tambayi ma'anar kalmar, ya ce matar sarki ce, ko mace mai mulki da fada da dogarai. Tsohuwar ta ce a koma a gaya wa mushe ba haka ba ne. Sarauniyar Lugu ba matar sarki ba ce, ba ta da dogari, ba ta karɓar haraji. Tana zaune a ɗakinta cikin fararen tufafi tana kaɗi, ƙasa ce a hannunta da abin da ya shafi ruwa da lafiyar gari, in ta rasu kuma ba ƴan majalisa ke zaɓen magajiyarta ba, gawarta ce ke nunawa ta hanyar tarkama. Yaron ya kawo saƙon yana jin nauyi, a zatonsa rashin kunya ne a gyara wa malami. Malamin ya sa shi ya maimaita a gaban aji, suka shafe sauran sa'ar suna neman wata kalma a ƙamus ɗaya tilo da makarantar ke da shi. Duk wadda suka gwada sai ta ɗauki rabi ta bar rabi. Mamani ma, da ya rubuta nasa da Faransanci, da sunan Hausa ya bar kan littafin.

Takardar wannan Juma'a ta fita kamar haka: "Gaisuwa ga iyaye, da godiya ga tsofaffin da suka ba yara labari. A gaya wa Iya ta Lugu saƙonta ya iso. Mun duba, Ingilishi ba shi da kalmar, saboda haka yara za su rubuta Sarauniya yadda take, da babban baƙi a farko. Mako mai zuwa za mu shiga lokaci mai zuwa. Ku tambaye su abin da suke so su zama. Yara 4 sun bar kayensu a gida. Wanda ke da fitila mai caji ya ara wa ƴan turwaziyam da dare."